Dalmar Tayar Likita

Daren Laraba, unguwar Dubeli

Barci ya ƙi zuwa. Jiya na sa wa jar motar Likita, mai ƙofa biyun nan, sababbin tayoyi. Na ga wasu guntayen dalma maƙale a bakin ƙarfen taya, na ɗauka tarkace ne, na ɓamɓare su. Kawu Hamman ya ce za su yi wa komarsa ta kamun kifi nauyi, na juye masa a aljihu.

Yau da hantsi Likita ya dawo ransa a ɓace. "Malam Buba, me ka yi wa motata? Da na taka ta a hanyar Numan, sai sitiyari ya kama rawa." Shi ya gaya mini dalmar ce ke daidaita nauyin taya. Shekara tara ina facin tayar lori, ban sani ba!

Na hau keke har bakin tafkin Njuwa, na tarar Kawu ya narkar da rabi. Na karɓo sauran, na ɗaga motar da jak. In juya taya, in sa alli inda ta tsaya a ƙasa, in maƙala dalma a sama. Uku sun daidaita. Ta gaba ta hagu ta ƙi, dalma kuma ta ƙare.

Likita ya tambaye ni, "Ta yi?" Na ce ta yi.

Gobe zai kama hanyar Maiduguri da matarsa, kuma na san gudunsa. Ina idar da sallar asuba zan je in tsaya a gaban motar, in faɗa masa gaskiya. Gara ya zage ni.