Na Sayi Gero Da Kuɗin Harajin Yayana

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Masu zagi kuma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, ba abin da za ku faɗa mini wanda ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni mutumin Daura ne. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shagon kayan gini, siminti da kwano da rodi, kuma rajistar kamfanin da sunansa take. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya biya mini makaranta har na yi difloma, alhali shi allo kawai ya yi. Don haka duk abin da ya shafi takarda a hannuna yake, har da harajin VAT da muke ɗorawa kan kaya idan 'yan kwangila sun saya, wanda ake tura wa gwamnati duk wata. Kullum in zan tura sai ya ce, "Auta, wannan ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Sallame su mu huta."

Bara wani ɗan kwangila ya ɗebi kaya ya riƙe mana kuɗi, ga motar siminti za ta taso, dilan simintin ya ce ko mu cika kuɗin ko ya ba wani. Sai tunani ya zo mini, me zai faru in na jinkirta harajin wata ɗaya? Na gwada maganar a kunnen maƙwabcinmu, wani Ibo mai kayan gyaran mota, ya fi shekara ashirin a garin, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ce, "Abokina, ci bashin kowa, ban da na gwamnati. Ba ta zuwa da wuri, amma in ta zo, har da tara za ta karɓa." Na yi masa dariya, na ce tsoro ne ya yi masa yawa. Na cika kuɗin simintin da na haraji. Wata ya wuce, shiru, ko waya ba wanda ya yi. Wallahi da an kira ni a lokacin da an taimake ni.

Sai kaka ta zo. Kun san yadda ake yi a wajenmu, a sayi gero yana araha a jibge, bazara ta yi ya hau a sayar. Tun tasowata ban taɓa ganin ta ƙi ba. Na ce kuɗin da ba mai tambaya, me zai hana in juya su? In biya gwamnati nata, in kawo wa Yaya riba, ya san ƙaninsa ma ɗan kasuwa ne, ba mai riƙe biro kaɗai ba. Kun ji abin da ya ja ni, son a yaba mini. Sau uku ina zuwa kasuwar Babban Mutum, na tara buhu saba'in, na kama ɗaki a can don kada wani ya gani. Harajin wata biyar ya tafi cikin gero, kuma duk wata Yaya ya tambaya sai in ce an tura.

Bazara ta zo gero ya ƙi tashi. Ina ma a nan ya tsaya, faɗuwa ya yi ƙasa da yadda na saya. Na ce bari in ƙara jira, ruwan farko ya sauka, ashe ɗakin yana yoyo, buhunan ƙasa duk suka yi fumfuna. Abin da na tsira da shi bai kai rabi ba. Wa zan gaya wa? Da wane baki?

Mako biyu da suka wuce masu haraji suka aiko da takarda, kuma hannun Yaya aka ba. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana, me suke so?" Ina kallonta, ga bashin, ga tarar da aka ɗora, ga wa'adin wata guda, ga sunansa a sama. Na buɗe baki na ce, "Tunatarwa ce kawai, kowa suke raba wa." Ya ce, "Ai mu ba ruwanmu, tunda kana nan," ya ci gaba da ƙirga bandir ɗin kwano. Mutumin da ya biya kuɗi aka koya mini karatu, da karatun na cuce shi. Tun ranar abinci ba ya shiga, na kasa zama wuri ɗaya, mota ta tsaya ƙofar shago sai in leƙa in ga ko masu haraji ne.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, matar Yaya ta haihu, namiji, bayan 'ya'ya mata huɗu. Jiya ya kira ni zaure, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Dangi suna ta cewa a sa sunan Baba, na ce Baba yana da takwara har biyu. Na yi wa yaron nan huɗuba da sunanka. Ina so ya ɗauko halinka." Na sunkuyar da kai hawaye na zuba, shi kuwa ya ɗauka farin ciki ne, har yana dafa kafaɗata yana tsokanata wai babba da kuka.

Jibi ne suna. Masu sani ku faɗa mini ko masu haraji suna yarda a biya kaɗan-kaɗan, babur ɗina ma zan sayar. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. In na faɗa masa kafin suna, na ɓata masa ranar da ya shekara goma sha biyar yana jira. In na bari sai bayan an raɗa, to duk sanda ya ɗauki ɗansa, sunan wanda ya ci amanarsa ne a hannunsa, kuma ba a gogewa.

Kwana biyu suka rage mini. Don Allah, me zan yi?