Ƙorafi Kan Sauke Allon Tashar Shinkafi da Zurmi

Daga: Gwadabe Sanda, mai rubutun alluna, Bakin Tasha, Ƙaura Namoda.

Zuwa ga: Shugaban Kwamitin Gyaran Tasha.

14 ga Yuli, 2025.

Game da: Musanya haruffan allo da wasu tsinkaye

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. A ranar 3 ga Maris, 1998, na kafa allon da ke nuna layin motocin Shinkafi da na Zurmi. Haruffansa irin na dā ne: masu kauri, baƙaƙe wuluk a kan farin fenti, kowanne tsaye a kan dugadugansa. Ƙugiyar Ƙ ɗin sunan Ƙaura da ke samansa kaɗai ta ci mini yini guda. Daga rumfar mahauta ake karanta shi, ba a rage tafiya.

2. A ranar 9 ga Yunin bana, sakataren kwamitinku, Malam Anas, ya sa aka sauke shi, wai rubutun ya tsufa, ya yi kama da na tsofaffin jaridu. Ya rataya wata leda da aka buga da kwamfuta. Haruffanta sirara ne kamar ƙafar sauro. Injin da ya buga su ma bai taɓa jin labarin Ƙ ba, sai ya ajiye ɗan akwati a gurbinta. Yanzu sunan garinmu akwati ne da "aura". Wannan shi ne zamanin da aka kawo mana.

3. Ruwa uku kacal aka yi, ledar ta koɗe.

4. A ranar 30 ga Yuni, Hammadu mai sayar da igiya, wanda kurma ne, ba ya jin kiran 'yan kamasho, ya zo zai tafi Shinkafi. Shekara ashirin da bakwai allona ne kunnensa. Ya duba ledar, bai ga komai ba, ya shiga motar Zurmi. Ranka ya daɗe ya san bayan la'asar ba direban da ke juyowa ta wannan hanya. Hammadu ya kwana can Zurmi. Matarsa Bara'atu ta yi yini biyu ba ta ci abinci ba, tana zaton an ɗauke shi. Da aka gaya wa Malam Anas, cewa ya yi ai da ya tambaya.

Don haka ina roƙon a fito da allona daga bayan ofishinku, inda ake shanya barkono a kansa. Zan sabunta fentinsa da hannuna. A kafa shi kusa da ledar, Malam Anas ya tsaya a rumfar mahauta ya karanta duka biyun a gaban jama'a. Rubutun da ya kasa karantawa, shi za a sauke.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Mai biyayya gare ka,
Gwadabe Sanda