Ƙwayar ƙarshe ta Malam Kurihara

Litinin, 7 ga Oktoba
Bayan jiran wata takwas, an ba mu kwana uku a kan injin eksire. Ƙwayar ma'adini ɗaya ta rage cikin waɗanda malamina, Malam Kurihara, ya haɗa da hannunsa, ba ta kai kaurin gashi ba. Shekara talatin yana cewa in aka matse ta irin matsin can cikin ƙasa, elektron ɗinta, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke cikinta, za su taru wuri guda. Ba wanda ya yarda. Yanzu yana asibiti, huhu ya ƙi. Ni zan auna.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na sa ƙwayar tsakanin daimon biyu, ina ɗaure noti don in matse ta. Abokin aikina Tetsuro ya ce, "Ke Nagisa, a hankali! Murfin kwalbar miyar miso kika samu?" Ban yi dariya ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Taswirar da ke nuna inda elektron suke ta fito. Ba su taru ba. Sau huɗu na sake lissafi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na je asibiti da ƙaryata a baki. Tun a jirgin ƙasa nake maimaita ta: Malam, ka yi gaskiya. Ina shiga na sunkuya gaisuwa. Ya daɗe yana kallona.
"Shekara goma sha biyu kina gaishe ni da kai kawai. Yau har ƙugu kika lanƙwasa. Wannan sunkuyon ban haƙuri ne."
Na ce, Malam, wataƙila ƙwayar ce ta...
"Ƙwayata lafiyarta lau. Kada ki zage ta."
Sai tari. Da ya lafa ya nemi taswirar, ya kai ta dab da hanci. Wai aikin ya yi tsabta. Na yi kuka kamar wata sakara, shi yake lallashina.

Talata, 22 ga Oktoba
Ya rasu da hantsi.

Litinin, 9 ga Disamba
Addu'ar kwana arba'in da tara. Matarsa ta tambaye ni ko ya ji sakamako kafin ya tafi. Na ce ya ji. Ta turo mini shayi.

Alhamis, 12 ga Disamba
Na fara rubuta rahoto. Sakin layi na biyu ya rushe shekara talatin ɗinsa. Tetsuro ya ce in sassauta, in sa "mai yiwuwa". Na sa. Da ya fita cin abincin rana na goge.