Tambayar Inna Balki ta ci jarrabawa

Zuwa ga Inna Balki a Allakaye,

Gaisuwa mai yawa daga Dakar. Ina fatan kuna lahiya. Yaya ƙafar Baba Rabo, ya fara taka ta?

Inna, albishirinki! Kin tuna takardar tambayoyin da na zo da ita bara, wadda ake so ta nuna ko mace ta yi niyyar ɗaukar ciki ko zuwa ya yi kawai? Duk wadda na ce ma, "Kin so cikin nan?" sai ta ce, "Kyautar Allah ce." Har na fid da rai da karatuna. Sai kika ja ni gefe kika ce, "Zuhura, ba haka ake tambaya ba. Ce mata, da zaɓi a hannunki yake, yanzu kike so ko sai kin yaye na goye?"

Mun gwada tambayarki ga mata ɗari biyu a Garhanga da Urno, aka koma bayan sati biyu aka sake yi musu ita. Kusan duka amsarsu ba ta canza ba, kuma sun buɗe baki!

Ni lahiya lau, sai ɗan zazzaɓin da ya kwantar da ni kwana tara. Kar ki gaya ma Baba.

Abokiyar aikina Laraba za ta zo Allakaye bayan girbi. Don Allah ki raka ta gidaje ta yi ma mata tambayar.

Jiya malaminmu ya tambaye ni jami'ar da kika yi. Na ce masa ungozoma ce, shekara talatin tana yanke cibi. Ya ce in gaishe ki da girmamawa.

Allah ya bar mana ke.

Ɗiyarki,
Zuhura