Jarumin Littafina da Muryar Mamaci Yake Magana

Anti Shatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa bai ce na zautu ba.

Ina zaune a Roni, ina rubuta littattafan soyayya a waya da sunan aro, ina sakawa a guruf ɗin masu karatu. Mijina na farko, Sama'ilu, ruwa ne ya ci shi a dam ɗin Kazaure. Har gobe yabonsa ake yi. Ni kaɗai na san yadda yake kulle ni a ɗaki in zai tafi kasuwar Babura, ya dawo da tsire da turare, ya shaƙe min wuya yana cewa so ne ya jawo.

Anti, duk jarumin da na ƙirƙira sai ya rikiɗe ya zama shi. Na canza masa suna, na mai da shi likita, amma da ya buɗe baki sai kalaman Sama'ilu, har waɗanda na manta. Rannan da azahar ina rubutu a tsakar gida na ji ƙamshin turarensa haɗe da ƙarnin laka. Na nutsar da jarumin a ruwa don in huta, masu karatu suka yi ta kuka, wata yarinya har da addu'ar samun miji irinsa. Ban san lokacin da na dawo da shi cikin labarin ba, jiƙe sharkaf. Ƙanwar Sama'ilu, Mu'minat, wadda ba ta san ni ce marubuciyar ba, ta rubuta a guruf cewa muryar yayanta take ji.

Yanzu ina auren Muhammadu Lawal, bawan Allah mai haƙuri, amma in ya dafa kafaɗata sai in zabura in kare wuyana. Ya fara damuwa. Aljani ne ya shafe ni? In daina rubutun? In na kwana biyu ban yi ba, ji nake kamar Sama'ilu yana bayan ƙofa yana jira.

'Yar'uwarki daga Roni

Ƙanwata, ba ki zautu ba. Sama'ilu ya tafi inda ba a dawowa. Azabar da kika haɗiye ba ki gaya wa kowa ba ce take neman hanyar fita, ta samu yatsunki. Ki riƙe azkar, amma ki haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ƙamshin nan da zaburar nan abubuwa ne da suka sani, kuma ana warkewa.

Ba zan ce ki bar rubutu ba, shi ya riƙe ki. Sai dai yarinyar nan mai addu'a amana ce a wuyanki. Kin nuna mata tsire da turaren, ki nuna mata ɗakin a kulle, daga bakin matar da ke ciki. Ba dole ki ambaci sunan kowa ba, Mu'minat ma tana da nata rashin.

Kafin duk wannan, ki zaunar da Muhammadu Lawal ki gaya masa abin da aka yi wa wuyanki, kada ya zaci shi kike tsoro.

Allah Ya yaye miki, Ya sa ki samu natsuwa a ɗakinki.

Anti Shatu