Kumfar da ke Idon Baba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau aka fara kwas ɗin. Mako shida, wai kiwon lafiyar matafiya jirgin sama da 'yan sama jannati. Ni da ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba! Asibitinmu na Suleja, inda nake likita, ma'aunin hawan jini ɗaya ne mai aiki, amma an turo ni Abuja in koyi yadda ƙashin mutum ke laushi a sararin samaniya. Na ce da Jerome, nas ɗin da ke zaune kusa da ni, in sun gama da duniyar wata su zo su duba goslon Madalla. Malamarmu, Dakta Ngozi, ta ji. Kallona kawai ta yi ta saman tabarau.

Laraba, 9 ga Oktoba
Rabin abin da take faɗa na riga na karanta a tsohon littafin da na saya a gwanjo. Na kuwa gaya mata. Ta ce, "To Siddiq, bar sauran su ji."

A gida ana ta shirin Umarar Baba. Yaya Munir ya kammala masa komai, ran 24 jirginsu. Sati biyu da aikin idonsa, amma har ya fara leƙa shago.

Alhamis, 10 ga Oktoba


Dakta Ngozi ta zo aji da ƙaton sirinji, ta jefa 'yar balo ɗaurarriya a ciki, ta toshe bakin da yatsa, ta ja. Balo ta kumbura. Ta ce haka iskar da ke cikin jikin mutum ke yi idan jirgi ya lula. Kunne, hanji, ruɓaɓɓen haƙori. Sai ta ce wanda aka yi wa aikin ido aka sa masa kumfar gas don ta riƙe gyaran, in ya hau jirgi kafin kumfar ta baje, idon ya tafi ke nan. Shi ya sa ake ɗaura musu koren abin gargaɗi a hannu.

Baba ya dawo daga asibiti da koren abu a hannu. Na gani da idona. Na ɗauka lambar gado ce.

Wannan babu shi a littafin gwanjo.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Na samo abin a aljihun keken ɗinkinsa, an datse da almakashi. A rubuce ɓaro-ɓaro: kada ya hau jirgi. Ashe likitan ya gaya masa, ya ɓoye wa kowa.

Sai na yi halin nawa. A gaban Umma, a gaban amininsa Malam Gwadabe. Na ce ko yaron goye ba zai yi wannan ganganci ba. Baba ya dube ni ya ce, "Shekara talatin ina ɗinka wa maniyyata yunifom, ina raka su bakin mota. Yau an kira ni, kai ne za ka tare ƙofa? Tashi ka ba ni wuri."

Lahadi, 13 ga Oktoba
Baba bai amsa gaisuwata ba. Umma ta ce, "Gaskiyar taka ƙaya gare ta, wa zai haɗiye?" Saura kwana goma sha ɗaya.

Talata, 15 ga Oktoba
Na tare Dakta Ngozi bayan an tashi. Na zaci za ta rama. Ranar aikin kawai ta tambaya, ta lissafa da yatsu, ta girgiza kai. Sannan da Hausarta ta Sabon Gari ta ce, "Ka yi masa ihu ko?" Na ce kaɗan. Ta miƙo mini sirinjin da balo. "Ka kulle bakinka. Wannan ya fi ka iya magana."

Na so in mayar da martani. Sai kawai na karɓa.

Laraba, 16 ga Oktoba
Gidan Malam Gwadabe na fara zuwa, na ba shi haƙuri. Ya ce, "Da bakin nan naka allura ne, da ubanka ya huta da sayen allura." Amma ya sa hula ya biyo ni.

A ƙasa na zauna. Na miƙa wa Baba sirinjin na ce ya toshe, ya ja. Ya ja. Ya sake ja. Sau uku. Ya ce, "Wannan ce a idona?" Na ce i, Baba. Kalma biyu, wallahi ban ƙara ba, duk da maganganun da suka cika mini ciki.

Malam Gwadabe ne ya ƙarasa. "To Malam Isiyaku, ka je gaban Ka'aba ka tsaya, sai wani ya ce maka ga ta nan?"

Can Baba ya ce, "Kira mini Munir."

Na fita waje na daɗe. Ƙura ce ta shiga idona, ina jin.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Ayarinsu ya tashi yau. Baba yana shago yana wa wani faɗa a kan wuyan riga. Alhamdulillahi.

Alhamis, 5 ga Disamba
Likitan ya ce kumfar ta baje tun makon jiya. Yau muka raka Baba filin jirgi. Mun wuce dutsen Zuma ya juyo daga gaban mota: "Likita, batun kunnen nan fa?" Na leƙa bayana in ga da wa yake. Na ba shi cingam, na ce ya riƙa taunawa yana haɗiyar yawu in za a sauka. Ya maimaita, kamar mai haddar karatu.

Jerome ya bugo, wai tun da aka gama kwas bai ji na zagi kowa ba, ko lafiya? Gajiya ce kawai.

Na je in ɗauko sirinjin in mayar wa Dakta Ngozi. Baba ya adana shi a aljihun keke, tare da koren abin, an ɗinke inda ya datse. Na rufe aljihun. Zan saya mata wani.