Katifar Manaja

Ranar Litinin

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Inna da su Yaya. Yaya bayan? Ina fata kana shafa man da na aiko, ba ɓoye shi kake yi a ƙarƙashin filo sai ciwo ya ci ƙarfinka ba. Na san halinka.

Bayan gaisuwa, Baba, yau Manaja ya tako da ƙafarsa har cikin sito. Kamfani ya sake samun aikin haƙa rijiyoyi a kan tsaunin nan na bara, mako uku, mutum goma sha ɗaya. Ya tsaya a bakin kanta, turarensa ya cika min hanci, ya ce tunda ni ce mai sito, in je in zaɓo katifun iska sababbi, domin mai kamfani ta ce ba ta son jin ƙorafi irin na bara.

Ƙorafi, Baba! Sunan da ya sa wa abin da ya same ka ke nan. Shekara ashirin da biyu kana jan motar kamfanin nan. Ya sayo muku katifu masu kama da ledar burodi, suka sace tun kwana na biyu, ka yi mako uku haƙarƙarinka a kan dutse mai sanyi, ka dawo a sunkuye kamar mai neman allura. Da ka kasa taka kuloci, ya rubuta cewa ba ka iya aiki, ya faɗa a gaban kowa wai tsufa ne, ba katifa ba. Kai ka ce ka yafe. Ni ban ce ba.

Na je shagon masu kayan zango da ke bayan tashar mota. Mai shagon tsohon soja ne, ya san kwanan daji. Ya shimfiɗa min katifu huɗu a ƙasa, ya zuba tsakuwa a ƙarƙashinsu, ya ce in kwanta da kaina, don ba a zaɓen katifa da ido. Ya nuna min wata mai soso a ciki, wadda in an buɗe bawul, wato bakin hurawa, take shan iska da kanta. Kaurinta bai wuce yatsa uku ba, amma ban ji tsakuwa ba. Ya ce sirrin kwanan daji ba laushi ba ne, tare sanyin ƙasa ne, kuma ko ƙaya ta huda wannan, soson zai riƙe mutum har a yi mata faci. Na kwanta ina kallon silin, sai ga hawaye har cikin kunnena. Da irin wannan aka ba ka, da yanzu kana kan sitiyari.

Na zaɓi goma. Ta goma sha ɗayan, Manaja ya ce shi zai zaɓi tasa gobe.

A gaishe min da Inna. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ce 'yarka,
Auta

Ranar Alhamis

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Yaya ya karanto min saƙonka a waya, cewa in ji tsoron Allah, in kuma zan gina ramin mugunta in gina shi gajere. Na ji. Amma bari in ba ka labari, ka yi hukunci da kanka ko ni na riƙe magirbi.

Mun je shagon tare da Manaja. Ya kalli katifun ma'aikata ya taɓe baki, ya ce shi ba zai kwanta a kan tabarma ba. Idonsa ya sauka kan wata ƙatuwa da aka hura aka jingine a bango. Tsayinta ya kai gwiwa, samanta laushi kamar bayan kyanwa, ga famfon lantarki a jikinta. Ya faɗa kai ya miƙe ƙafa, ya ce ai wannan ita ce ta manya. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya fita.

Tsohon sojan ya jawo ni gefe. Ya ce, "'Yata, ki faɗa wa maigidanki, wannan ta saukar baƙo ce a cikin ɗaki. Babu komai a cikinta sai iska. A kan tsauni iskar za ta ɗauki sanyin ƙasa, ya kwana kamar naman da aka sa a firji. Ga shi da jiki, ɗinkin cikinta ba zai kai mako ba."

Na ce masa to, zan faɗa.

Ban faɗa ba, Baba. Da Manaja ya dawo, na miƙa masa takardar karɓar kaya, na rubuta a kai cewa shi ya zaɓa da kansa, ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Na ajiye kwafi.

Akwai abin da zan gaya maka, don ban saba ɓoye maka ba. Jiya da rana, kafin a loda kaya, na kulle sito na zauna da katifar da allurar ɗinkin buhu a hannuna. Na samo wuri a ƙasan bawul inda ba mai gani. Na daɗe a haka. Ba tausayi ne ya hana ni ba, kada ka yi murna. Gani na yi in na huda ta, zai samu wanda zai ɗora wa laifi. Na fi so in ta kashe shi da sanyi, ya duba gabas da yamma ya rasa wanda zai zaga sai mai sa hannun.

Sun tashi yau da safe. Na ba kowane ma'aikaci katifarsa da ɗan ƙunshin faci, na rubuta sunansa a jiki. Dogo, shugaban ma'aikata, ya ce in gaishe ka, ya ce har yanzu ba su samu direban da yake jin tarin inji kamar kai ba.

Ka ce wa Inna ta daina damuwa, ina cin abinci.

Taka,
Auta

Ranar Asabar, bayan mako biyu

Baba abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan kuma bayan yana sakinka. Ka yi haƙuri da shiruna. Jira nake labari ya nuna kafin in tsinko maka.

Dogo ne yake hawa wani dutse inda waya take kamawa yana kirana. Ya ce ranar farko Manaja ya sa aka tada janareta don katifarsa kaɗai, ya kira su su zo su ga gado. Washegari ya fito daga tanti sanye da riguna uku, leɓensa ya yi toka, yana tambaya ko su ma sun ji abin da ya ji. Suka ce su sai da aka tashe su. A kwana na biyar ɗinkin ciki ya ɓalle, katifar ta yi ƙari a tsakiya kamar tozon raƙumi, da safe aka same shi a gefe, rabin jikinsa a ƙasa. A na shida ta sace gaba ɗaya, faci uku suka maƙala, ba ta riƙe ba.

Sai ya ce wa Dogo a karɓo masa ta kuku. Ka san kukun nan, ya girme ka. Dogo ya tuna masa dokar da shi Manaja ya kafa da kansa, cewa duk wanda ya ba da aron kayan da aka rubuta da sunansa, a bakin aikinsa. Ya ce in yana so a karya dokar, ya rubuta ya sa hannu, za a kai wa mai kamfani. Mutum goma suna tsaye suna kallonsa. Bai rubuta ba.

Ni ya kira. Ko sallama babu, ya ce in saka wata katifa a motar kai abinci. Na ce masa shagon sai an yi oda, motar kuma da sassafe za ta tashi, amma akwai saura a sito. Ya ce ko wace iri ce in aiko. Baba, na hau tsani na sauko da ƙunshin katifun bara. Na duba ɗaya bayan ɗaya har na samo wadda ka rubuta wa lambar motarka da biro. Na kakkaɓe ta, na naɗe da kyau, na ɗaure da igiya, na aika.

Yau kwanansa takwas a kanta. Dogo ya ce ya daina zagayen wurin aiki, daga cikin mota yake ba da umarni, kuma sai an riƙe shi yake saukowa.

Na san me za ka ce. Na zaci ni ma zan ji nadama. Na saurara, na sake saurarawa, babu. Ranar da na aika ta, abinci kwano biyu na ci.

Gaisuwa ga Inna da su Yaya.

'Yarka,
Auta

Ranar Laraba

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Inna. Ina fata jiki da sauƙi.

Sun dawo, kuma an zauna a kaina. Manaja ya kai ƙara cewa da gangan na cuce shi. Mai kamfani ta kira mu ofishinta, ni a tsaye, shi ma a tsaye, don ya kasa zama. Na ajiye mata takardar da ya sa wa hannu. Da na yi shiru a nan, da na fita fes. Amma sai ta dube ni ta tambaya ko na san katifar ba ta daji ba ce. Ka hore ni ban iya ƙarya ba. Na ce na sani, mai shago ya gargaɗe ni, na riƙe a cikina. Ta ce don me. Na ce ta aika a kawo wadda ya kwana a kai daga baya, ta karanta lambar da ke jiki, ta tambaye shi wa ya sayo ta.

Ta aika aka kawo. Ta murza ta tsakanin yatsunta. Sannan ta ce a ɗauko mata fayil ɗinka. Ban san abin da za ta yi da shi ba, kada ka sa rai. Ni dai ta karɓe makullin sito, ta dakatar da ni wata guda, ta ce wanda ya san rami ya yi shiru ba a ba shi amanar kaya. Gaskiya ta faɗa. Na miƙa makullin.

Ina tattara kayana sai ga Manaja a bakin ƙofa, dafe da ƙugu. Na ɗauka zagi ya kawo. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Wane asibiti Babanki yake zuwa gashin ƙashi? An ce suna da hannu."

Na dube shi daga sama har ƙasa, na faɗa masa. Na faɗa masa har da ranar da likitan yake zama, Talata da safe, ranarka.

Saboda haka, Baba, ranar Talata za ka gan shi a layi. Na san ka, kana hango shi za ka fara yunƙurin tashi ka ba shi wuri a benci, kana cewa ranka ya daɗe. Abu ɗaya nake roƙonka, a madadin aikin da na rasa. In ya gaishe ka, ka amsa, wannan tsakaninka da Allah ne. Amma kada ka tashi. Ka riga shi zuwa, ya bi layi a bayanka.

Ina tafe ranar Litinin, ni zan raka ka, don in tabbatar.

Wassalam.

Ni ce taka har kullum,
Auta